Wane objektif zan saya wa kyamarata? Tambayoyin da aka fi yi mini a Maradi

Na daɗe ina ɗaukar hoto a garin Maradi, daga ɗaurin aure da suna har hawan sallah da hoton katin ɗan ƙasa. Da wuya matashi ya shigo shagona da kyamara rataye a wuya, shayi ya nuna bai kawo maganar objektif ba, wato gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda ƴan'uwanmu na Katsina da Kano ke kira lens. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda. Maganata a kan kyamarori masu madubi a ciki ce, waɗanda ake kira DSLR, galibi Canon da Nikon, tunda su ne a hannun mutanenmu. Abin da nake yawan nanatawa shi ne, faɗin ɗakin da za ka tsaya a ciki da hasken da ke cikinsa su ne za su zaɓa maka objektif. Tsawonsa da girmansa a idon ƴan kallo ba su da ta cewa.

Malam, kyamarata ta zo da objektif 18-55, abokaina suna cewa na ƴan koyo ne. In sauya shi?

Kada ka yi gaggawa, ƙanena. Da rana tsaka, ko a inuwar bedi a ƙofar gida, wannan ɗan gilashin yana fitar da hoto tar, musamman in ka tsuke ƙofarsa ta shigar haske zuwa f/8. Inda yake gazawa ɗaya ne: wurin da babu haske. Ka yi aiki da shi wata biyu ko uku, sannan ka zauna ka duba hotunanka a kwamfuta. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin milimitar da aka ɗauke shi da ita. In ka ga yawancinsu a 18 suke, kai mai neman faɗi ne. In kullum kana maƙale a 55 kana jin bai kai ba, dogo kake buƙata. In kuwa matsalarka hoton dare ne da ke fitowa dishi-dishi, to ƙofar haske ce ta yi maka kaɗan. Hotunanka sun fi abokanka sanin abin da ya dace da kai.

Su lambobin nan na milimita me suke nufi?

Ƙaramar lamba tana kwaso wuri da faɗi, babba kuma tana jawo na nesa kusa, tana rage abin da zai shiga hoton. 18 za ta ɗauko maka tsakar gida gaba ɗaya, 200 za ta ɗauko maka fuskar mahayi daga ƙetaren fili.

Amma akwai wani abu da yake rikita mutane. Faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara ba girmansa ɗaya ba. Manyan kyamarori irin Canon 5D da 6D ko Nikon D610 da D750 faifansu ya kai girman fim na dauri, kimanin milimita 36 da 24. Waɗanda suka fi yawa a Maradi, irin Canon 600D, 700D, 1300D, 2000D da Nikon D3200, D5300, D7100, nasu ƙarami ne, tsakiyar abin da gilashin ya gani kawai yake ɗauka. Saboda haka sai ka ninka lambar: sau 1,6 a Canon, sau 1,5 a Nikon. Objektif mai 50 a kan 700D yana gani kamar 80 a kan babbar kyamara. In ka ji wani Bature a YouTube yana yabon 50 cewa daidai yake da ganin idon mutum, ka fara tambayar kanka wace kyamara ce a hannunsa.

To ita kuma f ɗin da ake rubutawa, f/1.8 ko f/5.6?

Ita ce girman ƙofar da haske ke bi ya shiga, kuma lissafinta a juye yake: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. A jikin 18-55 za ka ga an rubuta 3.5-5.6. Ma'anarsa a 18 ƙofar tana buɗewa zuwa f/3.5, amma da ka murɗa zuwa 55 ba za ta wuce f/5.6 ba. Objektif mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na mai f/5.6. Mai f/1.8 kuwa kusan ninki goma. Ka kwatanta ɗakin amarya da magariba, ƙwai ɗaya ne ke ci a sama, ko ma an ɗauke wuta ana haskawa da salula. A nan ne wannan ninki goman ke raba mai aiki da mai ba da haƙuri.

Babbar ƙofa tana da wani aikin: ita ce ke narkar da baya, mutum ya fito shi kaɗai raɗau. Wannan ne ke jan hankalin matasa, har su riƙa barinta a f/1.8 dare da rana. A yi hattara. Da 50 a f/1.8, in mutum yana tazarar mita ɗaya da rabi, wurin da zai fito tsaf bai wuce santimita 6 ko 7 ba. Idon amarya zai fito, ɗankunnenta ya dushe. In kuma ƙawaye goma ne suka yi layi biyu, na gaba za su fito, na baya su zama hazo, kuma wadda ta ba ka aikin tana iya kasancewa a layin baya. Hoton taro yana son f/5.6 ko f/8, a ƙara da filashi in haske bai isa ba.

Yaya, kuɗin objektif ɗaya ne da ni. 50 zan saya ko 35?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Kowa 50 yake cewa saboda arahar sa da kyawun hotonsa, kuma gaskiya ne, Canon 50 f/1.8 STM da Nikon 50 f/1.8G sun fi kuɗinsu. Amma mu auna ɗakunanmu. Da 50 a kan ƙaramin faifai, in ka tsaya mita uku daga bango, faɗin abin da zai shiga hotonka bai kai mita ɗaya da rabi ba. Mutum biyu a zaune, shi ke nan. In kana son mutum a tsaye daga ɗankwali har takalmi, ko ka juya kyamarar a tsaye sai ka ja da baya fiye da mita huɗu.

Na ga wannan da idona a wani gidan biki a unguwar Zariya. Ɗakin amarya ne, gado ya ci rabi, kabad ɗin kwanoni ya ci sauran, turaren wuta ya cika ɗakin. Yaron da nake koya wa aiki yana riƙe da 50. Uwar amarya ta ce a ɗauke ta da ƴarta da gwaggonni uku. Ya ja baya har ƙeyarsa ta taɓa labule, ya fita bakin ƙofa, ya tsaya kan takalman mutane, duk da haka gwaggo ɗaya rabin fuskarta ce ta shiga. Na miƙa masa tawa mai 35, daga inda yake tsaye su biyar suka shiga har da gefen gadon. Uwar amarya ta duba bayan kyamarar ta ce, "Yauwa ɗana, yanzu ka yi aiki."

Saboda haka ga mai Nikon ƙarama, 35 f/1.8G DX (DX na nufin na ƙaramin faifai), wanda ya fito tun 2009, shi nake fara ba shi shawara. A mita uku yana kwaso faɗin kusan mita biyu, yana da haske, ba shi da nauyi. Mai Canon ba shi da irinsa a wannan farashin, sai dai akwai ɗan siririn nan EF-S 24 f/2.8 STM, wanda ke shiga aljihun riga, kuma yana aiki sosai a cikin ɗaki. Shi 50 nasa hoton fuska ne da rabin jiki, a waje ko a shago mai zurfi. In yawancin aikinka ango da amarya ne su biyu a fili da la'asar, ko hoton ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ranar kare kundinsu, to ka sayi 50 hankali kwance. Wanda ya samu hali daga baya ya ƙara da 85 f/1.8, amma shi sai a fili.

Shin kowane objektif yana hawa kowace kyamara?

A'a, kuma a nan ne kuɗin mutane ke halaka. Bakin Canon daban, na Nikon daban. Ko a gida ɗaya ma akwai rabe-rabe. Canon ta fito da bakin EF a 1987, ta ƙaro EF-S a 2003 saboda ƙananan kyamarori. EF yana hawa manya da ƙanana. EF-S ba ya hawa 5D ko 6D, kada ma ka tilasta shi. Ka duba bakin kyamararka: jan ɗigo na EF ne, farin murabba'i na EF-S.

Nikon ta riƙe bakinta na F tun 1959, shi ya sa tsofaffin gilasai da yawa ke shiga sababbin kyamarori. Amma shiga daban, aiki daban. Kyamarorin jerin D3000 da D5000 ba su da injin saiti, wato mai daidaita gilashi hoto ya fito tsaf, a jikinsu, sun dogara da wanda ke cikin objektif ɗin. In ka ɗaura musu tsohon 50 f/1.8D zai hau daram, hoto zai fito, amma ba zai saita kansa ba, sai ka murɗa da hannu. Ni ma ya taɓa cin kuɗina. Na aika aka sayo mini daga ƙetaren iyaka, mai sayarwa ya tabbatar wa ɗan aiken cewa yana yi da kowace Nikon. Ran da ya iso na ɗaura shi a D3100, na danna, shiru. Ga suna washegari da safe. Haka na yini ina saiti da hannu, jariri na motsi, mai jego na jira, hotuna da yawa suka lalace, kuma ban samu mayar da shi ba. Ga waɗannan kyamarorin ka nemi mai AF-S, wato mai injin saiti a cikinsa. Akwai kuma sabon samfuri AF-P, shi kuma ba ya aiki da tsofaffi irin D3100 da D90. Kafin ka biya, ka rubuta cikakken sunan kyamararka da na objektif ɗin harafi da harafi, ka bincika a shafin kamfanin.

Ina son ɗaukar kokowa da hawan sallah. Wane ne zai jawo mini na nesa?

Mai Canon ya nemi EF-S 55-250 IS, musamman mai STM. Mai Nikon ya nemi 55-200 VR ko 70-300 mai VR da ya dace da kyamararsa. Akwai Canon 75-300 da ke yawo da araha, yana da tsawo, yana cika ido, amma ba shi da maganin rawar hannu, kuma hotonsa a 300 ba ya fita tsaf. Ban cika ba da shawararsa ba.

A filin kokowa gilashi rabin aiki ne. Lokacin da ƴan kokowa suka sarƙe, ƙasa na tashi, layu na lilo a damtse, kaye yana zuwa ne cikin ƙiftawar ido. In saurin ɗaukarka bai kai 1/500 na daƙiƙa ba, gara ma 1/1000, hannu da ƙafa za su zama zane. Haka dawaki a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maradi ko a Tsibirin Gobir ranar sallah. Sa'armu ita ce ana yin waɗannan da rana, kuma rana ba ta yi mana rowa ba, don haka f/5.6 ya wadatar. Sai yamma ta yi liƙis ne za ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na faifan kyamara. Su manyan nan 70-200 f/2.8 da kake gani hannun ƴan jarida aikinsu ba ya da na biyu, amma nauyinsu ya kusa kilo ɗaya da rabi, kuɗinsu kuma sai wanda aikinsa ke mayar masa.

Mene ne IS da VR? Dole ne?

Suna ne daban-daban na abu guda: IS a Canon, VR a Nikon, OS a Sigma, VC a Tamron. Wani ɗan gilashi ne a ciki da ke motsi yana gyara rawar hannunka. A dogon objektif da wurin bidiyo yana da amfani ƙwarai. Amma rawar hannunka kawai yake gyarawa. Yaro mai gudu ko mai rawa a gaban makaɗa sai saurin ɗauka ne zai tsayar da shi.

Me zai hana in sayi 18-200 in huta da sauye-sauye?

Babu laifi in tafiya kake yi, ko kana bin ƙungiya ƙauyukan Dakoro da Tasawa kana ɗaukar rahoton aiki da rana. Yana da wata fa'ida ma a ƙasarmu: ba ka buɗe kyamara cikin ƙura. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙarshensa f/5.6 ne ko f/6.3, da dare ba ya taimako, kuma bai kai mai lamba ɗaya, irin 35 ko 50, fitar da hoto ba.

Maigida, biki ne sana'ata. Sigma da Tamron abin dogaro ne, ko sai na kamfanin kyamarar?

Abin dogaro ne. Ga mai biki da ƙaramar kyamara, Sigma 17-50 f/2.8 ko Tamron 17-50 f/2.8 su ne dokin aiki. Faɗinsu kusan ɗaya da 18-55 ɗinka, amma ƙofar tana nan f/2.8 daga farko har ƙarshe. Da shi za ka ɗauki taron maza a ƙofar gida wurin ɗaurin aure, ka juya ka ɗauki hannun da ke raba goro da dabino, ka shiga cikin gida wurin mata, ba ka cire komai ba. Sigma 18-35 f/1.8 da ya fito a 2013 ya fi su haske da kyau, amma yana da nauyi kuma ba shi da maganin rawar hannu. Ka tuna kowannensu ana yin sa da bakin Canon da na Nikon, ka faɗi naka tun farko.

Objektif 50 na kamfanin Yongnuo kuwa na mai ƙaramin ƙarfi ne. Da babu gara ba daɗi, kuma mutum zai koyi aiki da shi. Amma yana da ƙara wurin saiti, yana laluben mutum a duhu. In za ka iya haƙurin ƴan watanni ka cika kuɗin na asali, sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.

Ni ƴar kasuwa ce, ina sayar da atamfa da sarƙoƙi a WhatsApp, ina kuma yin lalle. Wanne ya dace da ni?

Hajiya, atamfa da leshi ba sa buƙatar sabon gilashi. Ki shimfiɗa su a inuwa kusa da ƙofa da hantsi, ki sa 18-55 ɗinki wajen 35 zuwa 50 a f/8, ki kashe filashi, launi zai fito yadda yake. Kada ki matso kusa a 18, yana lanƙwasa gefen zane. Zanen lalle ma 50 ko ƙarshen 18-55 ya ishe shi. Sarƙa da zobe da ɗankunne ne ke son objektif na kusa, wanda ake kira makro, mai iya cika hoto da abu kamar ƙwayar gyaɗa. Nikon tana da 40 f/2.8G, Canon tana da EF-S 60 f/2.8, Tamron 90 kuma yana samuwa ga duka biyun. Ki kula, wasu dogayen zum, wato masu sauya milimita in an murɗa, ana rubuta musu makro a jiki alhali ba su kai ba. Na gaske za ki ga an ce 1:1. Ki haɗa da ƙafa uku ta ɗora kyamara, domin a kusa ɗan numfashi ma yana girgiza hoto.

Zan sayi na hannu. Me zan duba?

Yawancinmu okaziyon muke saye, daga Yamai, daga Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, ko a hannun wanda ya dawo daga waje. Farashi yana bin canjin naira da sefa, don haka ka tambayi mutum biyu ko uku a makon da za ka saya. Ka tafi da kyamararka, gani ya kori ji.

Ka cire murfin gaba da na baya, ka haska fitilar salula ta baya kana leƙawa ta gaba. Ƴar ƙura kaɗan ba komai ba ce, babu gilashin da ya kwana Maradi bai sha ta ba. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, tana yawa a kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku irin Kwatano da Legas, tana kuma cin rufin gilashin. Haka in ka ga kamar hazo a ciki. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Ka murɗa zum da zoben saiti a hankali kusa da kunnenka, in kana jin ƙaras-ƙaras yashi ya shiga. Ka duba ƙananan ƙarafan nan masu ruwan zinariya a bayansa, kada su kasance sun cinye ko sun yi tsatsa. Bakin zoben gaba in ya lotsa, ya taɓa faɗuwa. Sannan ka ɗaura, ka ɗauki rubutun allon wani shago a ƙofa buɗe, ka sake a f/8 da f/16, ka faɗaɗa hoton ka duba tsakiya da kusurwa huɗu. In gefe ɗaya ya fito ɗayan ya dushe, gilasan ciki sun goce, ka ajiye masa kayansa ko da ya rage rabin kuɗi. Mai sayarwar da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Yaya zan kare shi daga ƙurar hunturu da zafi?

Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce babbar abokiyar gabarmu. Zum da ke fita yana komawa kamar zugazugi yake, yana shaƙar iska da abin da ke cikinta. Kada ka sauya objektif a fili. Ka shiga ɗaki ko mota, ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa, sabon yana hannunka a shirye. Ka sa filta mai kyau a gaba, girmanta yana rubuce a jikin gilashin ko cikin murfi: 58 a 18-55 na Canon, 49 a 50 STM, 52 a 35 DX na Nikon. Hular gaba ma ka bar ta a kai kullum, tana tare rana tana tare karo. Wurin gogewa ka fara hurawa da ƴar robar hura iska, sannan burushi mai laushi, sannan ƙyalle. Kada ka goge da bakin riga ko rawani, ƙurarmu yashi ce, za ta zana gilashin. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada ka bar jaka cikin mota a rufe ko ƙarƙashin sirdin babur. Da damina kuma, in ka dawo daga Madarumfa ko bakin Gulbi da jaka mai danshi, ka fito da kayan su sha iska, ka zuba ƴan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

An ce zamanin kyamara mai madubi ya wuce. Ba asara zan yi ba in na zuba kuɗi a objektif ɗinta?

Gaskiya ne tun 2018 Canon da Nikon suka fito da sababbin bakuna, RF da Z, na kyamarori marasa madubi, kuma can suka mayar da ƙarfinsu. Amma wannan bai rage wa gilashinka komai ba, hasali ma masu sauya kaya a waje suna sakin nasu, mu kuma yana iso mana. Ran da ka koma marar madubi akwai zoben haɗi: EF-EOS R na Canon yana karɓar EF da EF-S duka, FTZ na Nikon yana aiki da AF-S da AF-P, sai dai tsofaffin masu D nan ma da hannu za ka saita su. Abu ɗaya za ka yi la'akari da shi tun yanzu: in burinka babbar kyamara ce mai cikakken faifai nan da shekara ɗaya ko biyu, ka karkata ga EF a Canon ko FX, wato na babban faifai, a Nikon, irin 50 da 85, ka rage tara EF-S da DX. In kuwa ƙaramar za ka ci gaba da riƙewa, ka sayi 35 ɗinka ko 17-50, ka je ka karɓi aikin bikin Asabar mai zuwa.